Sabunta babbar kwamfutar ofis ba tare da asarar bayanai ba

Mene ne sabar?

Sabar ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke ajiye bayanansu a cikinta. Kamar rumbu take a gida. A ƙaramar hukuma irin Karofane, cikin gundumar Buza a jihar Tawa, irin wannan na'ura tana iya ɗauke da rajistar haihuwa, lissafin haraji, ko sunayen membobin ƙungiyar manoma. In rajistar ta ɓace, yaro na iya rasa takardar shiga makaranta.

Me ya sa ake sabuntawa?

Kowace sabar tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sani ita ce Windows Server ta kamfanin Microsoft. Idan manhaja ta tsufa, kamfanin yakan daina toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. An daina kula da Windows Server 2012 ranar 10 ga Oktoba 2023. A watan Mayu 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin Ingila.

Hanya ɗaya ita ce a goge komai a fara daga farko. Ta biyu ita ce a ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwar, bayanai suna nan a wurinsu. Ta biyun ta fi sauri, amma kamar sake rufin rumbu ne alhali hatsi na ciki. In aiki ya tsaya a tsakiya, na'urar na iya ƙin tashi.

Kafin ku fara

1. Ku kwafe dukkan bayanai. Ku riƙe kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya kuma a ajiye shi wani wuri dabam, misali a Buza.
2. Ku buɗe kwafin a wata kwamfuta, ku tabbata yana aiki. Kwafin da ba a gwada ba, ba a dogara da shi.
3. Ku cire faifan kwafin daga jikin sabar kafin a fara aiki.
4. Ku tanadi batir ko janareta. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki babban haɗari ne.
5. Ku share ƙurar hunturu daga na'urar, ku yi aikin da sanyin safiya.
6. Ku rubuta lambar lasisi da lambobin sirri a littafi, a kulle shi.

Abin lura

Windows Server tana da nau'i biyu manya: Standard da Datacenter. Ana iya hawa daga Standard zuwa Datacenter, amma ba a saukowa sai an goge komai. Nau'in gwaji kuma kwana 180 yake yi. Ku tambayi ma'aikacin wane nau'i zai sa muku, kuma ku karɓi lasisin a hannunku.

Bayan an gama

Ku buɗe rajista, ku nemi sunaye kaɗan da kuka sani, ku gwada su da na takarda. Kada ku goge tsohon kwafi, kada kuma ku yar da littattafan hannu. Bayanan jama'a amana ne, kuma tun 2017 Nijar tana da dokar kare su. Kada faifan kwafi ya shiga hannun wanda aikin bai shafa ba.