Asalin Uban Ɗaki a Jami'ar Oksfod

A zamanin da, yawancin samarin da su ke zuwa neman ilmi birnin Oksfod, a ƙasar Ingila, haya su kan kama cikin gari, ba mai lura da shigarsu balle fitarsu. Waɗansunsu kuwa yara ne ƙanana, ba su daɗe da rabuwa da iyayensu ba. Daga nan sai bashi, sai caca, sai faɗa da mutanen gari. A shekara ta 1355 gardama a kan giya ta jawo tarzoma tsakanin almajirai da 'yan gari, har aka rasa rayuka da yawa.

Cikin 1379 wani babban limamin Kirista, Wiliyam na Wikam, ya kafa gidan karatu wanda har yanzu a ke kira Sabuwar Kwaleji, na mutum 70. Ya yi ƙa'ida, manyan da su ka yi nisa cikin ilmi su riƙa kula da ƙananan da su ke kwana gida ɗaya da su, a kuma biya su lada. Turawa suna kiran irin wannan malami tiyuta, asalin kalmar kuwa da harshen Latin mai tsaro ke nan, watau uban ɗaki.

Da shekara ta 1636 ta zo, dokokin da shugaban jami'ar, Wiliyam Lod, ya tsara su ka wajabta wa kowane almajiri ya kasance ƙarƙashin uban ɗaki. Aikinsa ya haɗa da koyar da addini da ladabi, har tufafin yaro da askinsa yana dubawa. Sau da yawa ma hannunsa iyaye su kan aika da kuɗin ɗansu, shi ke biyan mai abinci da maɗinki. Mun ga ke nan riƙon amana aka fara ɗora masa tare da koyarwa.

Daga baya karatu ya rinjayi aikin. Binjamin Jawet, wanda ya shugabanci Kwalejin Baliyol daga 1870 zuwa 1893, ya kan sa almajiri ya karanta masa abin da ya rubuta, ya gyara masa, sa'an nan ya gayyace shi karin kumallo ko su fita yawo tare, don ya san halinsa. Jami'ar Habad ta Amurka ta kwaikwayi wannan tsari, ta buɗe gidajen kwana masu malamai a ciki cikin 1930.

To, ya ku 'yan makaranta, malamin da ke zagaya ɗakunanku da dare gadon wannan aiki ya ke riƙe da shi. Amma ba ya iya warkad da ciwon da aka ɓoye masa. In bashi ya kama ɗayanku, ko karatu ya tsaya masa, ko labarin gida ya dame shi, ya tafi wurinsa tun abin bai girma ba, gama ice tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.