Tukunya da Kwalba: Tarihin Capalo a Abidjan

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Adjamé ko Treichville ya san capalo, ko da a suna ne. Ita ce burukutun da muka sani a wajen Maguzawa. Ba 'yar bakin teku ba ce, domin mutanen kudu bammi suka gada.

Daga arewa ta gangaro. Layin dogon da ya tashi daga Abidjan ya isa Bobo-Dioulasso a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, a 1951 kuma aka buɗe tashar jiragen ruwa. Sai 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa neman aiki, matan Lobi da na Senufo suka biyo su da tukwanensu.

Aikin na kwanaki ne. A jiƙa jar dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a sake dafawa, a tace. Ruwan da ya fito zaƙi gare shi. Sai an zuba masa yis ɗin da aka ajiye daga dahuwar baya yake kumfa ya koma giya.

A 1955 aka kafa kamfanin Solibra a Treichville, da injuna da tsiron sha'ir daga waje. Giyar kwalba takan yi watanni, capalo kuwa kwana kaɗan ta lalace. Wannan raunin ya sa ba ta zama hajar kamfani ba, ta tsaya a tsakar gida, a hannun mata masu neman cefane da kuɗin makarantar 'ya'ya.