Mai Shagon Yadin da Ya Fara Ganin Bakteriya

A shekarar 1676, a garin Delft na ƙasar Holan, wani mai shagon yadi ya jiƙa masoro a ruwa har mako uku, don yana son gano abin da ke sa shi yaji. Da ya ɗiga ruwan a gaban gilashinsa, sai ya ga halittu birjik suna iyo. Ya kiyasta cewa ko ɗari aka jera daga cikin ƙananan, ba za su kai tsawon ƙwayar yashi ba.

Sunansa Antonie van Leeuwenhoek. Bai yi jami'a ba, bai kuma iya Latin ba, harshen masanan lokacin. Amma masu yadi sun saba duba zaren saƙa da gilashi, shi kuma ya zarce kowa: da hannunsa yake gyara ɗan mitsitsin gilashi, ya maƙala shi tsakanin fallen ƙarfe biyu. Wani na ƙara girman abu fiye da sau 250.

Masanan Royal Society a Landan ba su gaskata wasiƙar da ya aika musu kan halittun nan take ba, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai da ya aika da shaidar limaman coci da wasu dattawan da suka leƙa da idonsu, sannan masani Robert Hooke ya maimaita gwajin a 1677 ya ga halittun. A 1680 masanan suka sa Leeuwenhoek cikinsu.

Ya fi burge ni a 1683. Ya kankare dauɗar haƙoransa, ya kuma samo ta wasu tsofaffi biyu da ba su taɓa goge baki ba, ya gauraya da ruwan sama. Ya zana abin da ya gani: masu kamar sanda, masu zagaye, da masu lanƙwasa. Duk ɗalibin likitanci na yau zai gane su.

Sai dai mutumin akwai rowar sani. Bai koya wa kowa yadda yake haɗa gilashinsa ba har ya rasu a 1723 yana da shekara 90, kuma bai danganta halittun da cuta ba. Wannan ya jira masana Louis Pasteur da Robert Koch. Koch ne ya nuna a 1876 cewa bakteriya ke haddasa cutar saifa a dabbobi, a 1882 kuma ya gano ta tarin fuka.