Wuyan Direban Tantan: Yadda Garma Ta Koma Baya

Mai huɗa da garmar shanu aikinsa na gabansa. Yana biye da garma, idonsa na kan kunyar da ke tashi, in ta karkace nan take zai gyara. Direban tarakta kuwa, wadda manoma ke kira tantan, hanya na gabansa aiki na bayansa. Yini yake yi hannu ɗaya a sitiyari, ƙugu a murɗe, wuya a waiwaye. Wannan zaman yana da tarihi, kuma tarihin ya biyo ta Kano.

Taraktocin farko jan garma suke yi da sarƙa ko ƙugiya, kamar yadda doki ke ja. Idan bakin garma ya cije a dutse ko kututture, ƙafafun baya ba sa tsayawa, sai gaban motar ya ɗaga sama ta kife a kan direba. Fordson, wadda aka soma ƙerawa a 1917, ta yi ƙaurin suna a wannan. Harry Ferguson, mutumin Arewacin Ayilan, shi ya warware matsalar da maɗauri mai hannu uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama. Da wannan maɗaurin garma da mota suka zama jiki ɗaya: turjiyar ƙasa na danne ƙafafun baya su ƙara kama ƙasa, hannun sama kuma na hana gaba tashi. A 1938 ya yi yarjejeniya da Henry Ford, a 1939 Ford 9N ta fito da wannan tsari. Sandar nan mai juyawa da ke ba injinan aiki ƙarfi ita ma a baya aka ajiye ta. Tun daga nan haro da rija da tirela duk suka tattara a bayan direba. An ceci ransa, amma wuyansa da gadon bayansa ne suka biya.

Inda cinikin ya fi fitowa fili shi ne ƙasashen sanyi. A Kanada, inda Arthur Sicard ya ƙera injin watsar da dusar ƙanƙara a 1925, har yau manoma na muhawara: a gaba za a ɗaura injin ko a baya? Na baya ya fi araha, domin maɗauri da sandar ƙarfi suna nan tun daga kamfani, amma yawancinsa da baya da baya ake tuƙa shi, direba na waige har a gama. Na gaba yana barin mutum ya zauna daidai ya ga aikinsa, sai dai yana buƙatar ƙarin maɗauri da ƙarin sanda, kuɗi ke nan. A can sau da yawa mai saye shi ne mai tuƙi, don haka da wuyansa yake yin lissafi.

A Arewa lissafin bai taɓa zama haka ba. Turawan mulkin mallaka da shanu suka soma, wajen ƙarshen shekarun 1920. Da suka gwada noman inji a Mokwa daga 1949, aikin bai wuce 1954 ba ya rushe. Tarakta ba ta zauna da gindinta ba sai lokacin kuɗin mai. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga, ruwa ya sauka Kadawa da Kura, shirin ciyar da ƙasa na 1976 da juyin noma na Shagari suka biyo baya, ma'aikatun gona suka buɗe sassan ba da hayar tarakta. A shekarun nan ne Sharaɗa da Challawa suka bi sahun Bompai, wadda ta girme su tun zamanin Turawa, aka kuma kafa kamfanin NTM a hanyar Zariya tare da Fiat ta Italiya don harhaɗa manyan motoci da taraktoci, Steyr kuma a Bauchi.

Mai saye gwamnati ce, ko attajiri. Mai tuƙi ɗan albashi ne, ko ɗan kamasho. Wanda ya sa hannu a takardar oda bai taɓa yini a kan kujerar ƙarfe ba, kuma ciwon da ke jikin wani, ai kamar a jikin itace yake. A 1959 Suwidin ta wajabta ƙarfen kariya daga kifewa a sababbin taraktoci. A 1972 John Deere ta fito da ɗakin direba mai tare ƙara da ƙura. Mu kuwa nau'in da ya fi araha muka fi kawowa, mai rumfar kwano ko babu ma. Namu direban ba ƙanƙara ke dukansa ba, ƙurar haro ce a busasshiyar ƙasa da ranar bazara, ga damina gajera da ke sa a kwana ana huɗa da fitila.

Abin lura shi ne, cikin masana'antun kansu akwai misalin ɗaya hanyar. Motar ɗaga kaya da ke zirga-zirga a rumbunan Bompai da majemun Challawa a gaba take ɗaukar kaya, don a ga inda za a sauke. Amma da kaya sun yi tsayi sun tare ido, ƙa'idar aiki ta ce a tafi da baya. Ashe babu tsarin da ke raba direba da waige gaba ɗaya. Iyaka dai a rage, kuma ragewar ba sai da kuɗi mai yawa ba: madubi mai faɗi, kujera mai sifirin da ke ɗan juyawa, rumfa, da direba na biyu a lokacin huɗa.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da lalacewar wutar lantarki, masana'antu da dama a waɗannan unguwanni sun rufe, harhaɗa tarakta ya ja baya, muka koma sayo ta gamammiya daga waje. Ƙira dai sai mu ce ta kuɓuce mana, amma oda a hannunmu take. Duk lokacin da wata jiha ta jera sababbin taraktoci a gaban gidan gwamnati, ana ƙirga yawansu da ƙarfin injinsu. Ya kamata wani cikin 'yan kwamitin saye ya hau kujerar, ya waiwaya baya, ya zauna a haka na sa'a guda kafin ya sa hannu.