Murfin But da Kamannin Mota: Nazari kan Aikin Fanal Bita a Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Titin Zariya, tsakanin Dangi da Asibitin Malam Aminu Kano, ya san bayan mota ya fi gabanta zama a ido. Gaba wucewa yake yi, baya kuwa kana biye da shi har ka haddace shi. Ba mamaki ke nan da Marsandin da ta fi suna a ƙasar nan daga bayanta aka raɗa mata suna. Kamfanin ya kira ta W124 lokacin da ya fito da ita a ƙarshen 1984, mu kuwa muka ce Bi-but, domin murfin but ɗinta yana saukowa tsakanin fitilu yana tsukewa kamar harafin V. Ofishin zane na kamfanin, ƙarƙashin Bruno Sacco, ya yi haka ne don bakin but ya yi ƙasa, loda kaya ya yi sauƙi. Mu ba sauƙin muka gani ba, siffar muka gani.

Haka Fijo 504. Gidan zane na Pininfarina a Italiya ne ya tsara ta, ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969. Abin da ya raba ta da sauran motocin zamaninta shi ne karyewar nan ta murfin but: ya taho a miƙe, sai ya gangara ƙasa kamar an danna shi da gwiwa. Masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa Fijo a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, alhali a Faransa an daina ƙirar salun ɗin tun 1983. Ka cire wannan karyewar, ka miƙar da murfin, ko tsohon direban Kano zuwa Kaduna sai ya yi jim kafin ya ambaci sunanta.

Wannan ne ya sa masu kwaikwayon tsofaffin motoci a Turai da Amurka suke yawan farawa ta murfin baya. Porsche ta ƙera 911 Carrera RS guda 1,580 kacal daga 1972 zuwa 1973, da murfin baya mai ɗagaggen leɓe da ake wa laƙabi da wutsiyar agwagwa, wanda aikinsa shi ne hana iska ɗaga bayan motar a guje. (A 911 inji ne a ƙarƙashin murfin, ba kaya ba, amma aikin ƙirar duk ɗaya ne.) Tun da ta ainihi ta fi ƙarfin aljihun kusan kowa, sai mutum ya sayi 911 ta gama-gari ya sauya mata murfi. Haka ake yi wa Mustang ta 1967 don ta yi kama da Shelby GT500, wadda tun daga masana'anta murfinta na faiba ne mai leɓe.

A Kano hannun akwai, alƙiblar ce ta bambanta. Bature yana biyan kuɗi a mayar da motarsa baya, mu muna biya a tura tamu gaba. Da Marsandi ta sabunta W124 a 1993, ta sauya bonet da fitilu da murfin but, masu tsohon yayi sun yi ta neman kayan sabon yayi a ɗora musu. Yau ma abin da ake yi wa Land Cruiser da Lexus ke nan, a shiga da mota gareji ta fito ta rage shekaru. A ganina kuskure ne a ɗauki ɗayan a matsayin fasaha, ɗayan kuma ƙarya. Dukkansu sauya kamanni ne, kuma matsalolin ƙarfen iri ɗaya ne.

Murfin but ba falle ɗaya ba ne. Akwai fatar waje, wadda kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, akwai kuma ƙashin ciki mai riƙe hinji da makulli. Ana naɗe bakin fatar a kan ƙashin kamar kalmasar riga. Wanda zai sauya siffar fatar ba tare da ya lura da ƙashin ba zai gama aiki ya tarar murfi ya murɗe, kusurwa ɗaya ta zauna, ɗaya ta ɗaga. Shi ya sa ƙwararre yakan ɗaura murfin a jikin motar, ya daidaita ratar gefe da gefe, sannan ya yanka. Ba a yanka a ƙasa.

Na taɓa zama rabin yini a wani gareji da ke lungun bayan Titin Kotu, ƙarƙashin darbejiya, ina kallon wani dattijon fanal bita yana ɗora wa murfin wata tsohuwar Marsandi leɓe. Bai zana komai a takarda ba. Kwalin taliya ya yanka ya fitar da lanƙwasar, ya kifa shi a dama, ya juya shi ya kifa a hagu. Da ya zo walda bai ja wuta a layi ɗaya ba: ɗigo nan, ya tsallaka taki guda, ɗigo can, yaronsa na biye da jiƙaƙƙen tsumma. Yaron ya ɗan yi nawa, sai dattijon ya ce, "Kai, danna mana, so kake ya yi tumbi?" Yaron kuma ya ce, "Yi haƙuri, Oga." Tumbin nan shi ne babban abokin gaba. Wutar kabaid tana baza zafi fiye da waldar lantarki ta zamani, kuma shimfiɗaɗɗen falle kamar murfin but ba shi da ƙwarin da zai hana shi kumbura. In ya kumbura, ka danna ya shige, ka saki ya dawo da ƙara kamar gwangwani. Maganinsa a gasa wuri kaɗan ya yi ja, a bubbuga da guduma da dutsen ƙarfe a ƙasa, a sanyaya, ƙarfen ya tsuke. Da tafin hannu dattijon yake duba aikin, idonsa na kallon wani wuri.

A nan ne ake gane gwani da mai gaggawa. Mai gaggawa ba ya gyara ƙarfe, foti yake lafta wa har ya gina leɓen gaba ɗaya da shi, ya goge da samfefa, ya fesa fenti. Ranar karɓar mota kyau kamar madubi. Amma murfin but ƙofa ce da ake bugawa kullum, kuma a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ƙarfe ya buɗe da rana ya tsuke da dare, fotin kuwa ba ya bin sa daidai. Kafin damina biyu sai tsaga ta fito, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci daga ciki. Dillalan mota sun san wannan, shi ya sa wasu ke bin jikin mota da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an san abin da ke ƙasa.

Akwai kuma nauyi, wanda kusan kowa ke mantawa. Sifirin ko sandar da ke ɗaga murfi an auna ta ne da nauyin na asali. Ƙara masa ƙarfe, ya riƙa faɗo wa mai ɗaukar kaya a ƙeya. Sauya shi da na faiba marar nauyi, ya riƙa zabura sama da ƙarfi har hinji ya tsaga shi. Faiba tana da daɗin fitar da siffa, amma sai an binne ƙarfe a cikinta wurin makulli da hinji, kuma rana tana sa ta lanƙwashe in aikin bai yi kauri ba. Sai robar baki da magudanar ruwa: rata kaɗan ta isa ƙurar hunturu ta cika but, hayaƙin salansa ma ya samu hanyar shiga ciki.

Ina iyakar kwaikwayo da algus? Kamfanoni suna da tasu amsar. A 2012 Daimler, mai ƙera Marsandi, ta sa aka murƙushe wani jikin faiba da aka kwaikwayi 300 SL mai ƙofofi kamar fukafukai, bayan jami'an kwastan na Jamus sun kama shi. A kasuwarmu kuwa ba kamfani ake cuta ba, mai saye ne. Wanda ya sauya murfi don sha'awa ya faɗi gaskiya ranar sayarwa bai yi laifi ba. Wanda ya sauya murfi da fitilu da tambari ya laƙaba wa mota shekarar da ba tata ba, lambar shasi ce kawai za ta tona shi, kuma ba kowa ke dubawa ba.

Abin da zai fi wahalar da mai son farfaɗo da 504 a Kano yau ba rashin gwani ba ne, rashin murfin da zai yanka ne. Wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa yana raguwa, domin ƴan jari-bola suna sayen gawar mota da kilo, ta tafi wurin narkarwa. Dattijon nan na bayan Titin Kotu yana da murfin 504 guda ɗaya jingine da bango, fentinsa ya ƙoƙe, kaji na kwana a bayansa. Na tambaye shi nawa zai sayar. Ya ce ba na sayarwa ba ne, da shi yake auna sauran.