Idon zakara: daga ma'aunin zinariya zuwa ɗakin binciken Jamus

1/ Makon jiya a lacca malaminmu ya haska hoton wata ƙwaya ja mai baƙin kai, ya ce sunan tsiron Abrus precatorius. Na ce a raina kai, wannan ai idon zakara ne da muke tsinta a bayan dangar kakata muna wasa. Sai na bi tarihinsa. Ku matso. 🧵

2/ Ga wanda bai san shi ba: tsiro ne mai yaɗo, yana nannaɗe danga ko bishiya ya hau. Ganyensa ƙanana ne a jere kamar na tsamiya. In kwanson ya bushe sai ya tsage, ƙwayoyin su leƙo jajur. Yana fitowa a ƙasashe masu zafi, daga Afirka zuwa Asiya har Kudancin Amurka.

3/ A wajenmu ganyen aka fi nema. Yana da ɗan zaƙi, masu maganin gargajiya kan ba da shi don tari da ciwon maƙogwaro. Yarbawa na ce wa ƙwayar idon mage. Mu zakara muka gani, su kyanwa suka gani 😅

4/ Amma inda ƙwayar ta fi yin suna shi ne Indiya, a teburin maƙeran zinariya. Sun lura nauyin ƙwayoyin kusan ɗaya ne, sai suka mai da ita ma'auni. Ƙwaya ɗaya ita ce "ratti". Ratti 8 masha ɗaya, masha 12 tola ɗaya. Wato tola ɗaya ƙwaya 96 ke nan.

5/ A 1833 Turawan Ingila da ke mulkin Indiya suka tsayar da tola a kan abin da ya yi daidai da giram 11.66. In ka raba, ratti ɗaya bai wuce giram 0.12 ba. Har yau masu sayar da duwatsu masu daraja a can da ratti suke ciniki.

6/ Ba Indiya kaɗai ba fa. A nan kusa da mu, Ashanti da sauran ƙabilun Akan na Ghana, lokacin da garin zinariya ne kuɗinsu, wannan ƙwayar tana cikin ƙananan ma'aunansu. "Damma" suke kiranta.

7/ Shi kuwa "precatorius" daga kalmar addu'a ya fito a Latin, saboda ana huda ƙwayoyin a yi carbi da su. To a nan labarin ya juya, don wannan abar kwalliya tana ɗauke da dafi mai suna abrin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi da aka sani a tsirrai.

8/ Yadda yake aiki: yana shiga ƙwayoyin halittar jiki ya tsayar da wurin da suke ƙera furotin, sai su mutu. Ɓawon ƙwayar yana da tauri sosai, shi ya sa in an haɗiye ta ɗungum sau da yawa takan fita yadda ta shiga. In an tauna ko ta fashe, nan ne matsala.

9/ Mutanen da ba su jahilci wannan ba. A maganin gargajiyar Indiya, Ayurbeda, ba a aiki da ƙwayar sai an bi wasu matakai na rage mata dafi, kuma kaɗan ake bayarwa. Sun san guba suke riƙe da ita.

10/ A Burazil kuma wani amfani suka samo mata: ciwon amosanin ido, wanda ke sa yana ta rufe ido. Wani likitan ido a Faransa, Louis de Wecker, ya ji labari, a 1882 ya shigo da dabarar asibitocin Turai. Da gangan ake sa idon ya kumbura, da fatan in ya sace yanar ta washe.

11/ Wasu sun ji sauƙi, wasu kuma idon ya lalace. Dalili? Babu wanda zai iya cewa ga ƙarfin abin da ya haɗa yau, ga na jiya. Kun ga abin mamaki: ƙwayar da ake auna zinariya da ita, ita ce aka kasa auna ƙarfinta.

12/ Wanda ya ɗauki wannan matsalar ta awo da gaske shi ne Paul Ehrlich, a Balin ta Jamus. A 1891 ya riƙa ba ɓeraye abrin ɗan kaɗan, yana ƙarawa a hankali. Daga baya suka iya jure adadin da a da zai kashe su. Ya yi haka da ricin, dafin ƙwayar zurma.

13/ Ga babban abin: ɓeran da ya saba da abrin, in an ba shi ricin mutuwa yake yi. Haka ma in an juya. Wato garkuwar jiki ba ta kowa da kowa ba ce, kowane dafi da nasa makarin da jini ke haɗawa.

14/ A 1892 ya ƙara wani gwaji. Ya musanya jariran ɓeraye, ya ba uwa mai garkuwa 'ya'yan wadda ba ta da ita. Da suka sha nononta sai suka samu kariya. Abin da ake ta faɗa wa iyaye mata a asibiti kan nonon uwa, ga ɗaya daga cikin hujjojinsa na farko.

15/ Wannan ƙwarewa ta awo ya kai wa maganin mashaƙo. A lokacin daga jinin dawakai ake samun makarin, wani zubi ya yi ƙarfi, wani ya yi sanyi. A 1897 Ehrlich ya fitar da hanyar auna ƙarfinsa daidai. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel.

16/ Duk wanda yake Kano a 2023 ya san me ake nufi da mashaƙo, mun ga yaran da ta ɗauke. Makarin da aka yi ta nema a asibitoci, da awo ake ba da shi, kuma wannan awon yana da dangantaka da ɓerayen da aka ciyar da idon zakara.

17/ Kada ku ce tsohon labari ne. A 2011 wani wurin yawon buɗe ido a Ingila, Eden Project, sai da ya roƙi mutane su mayar da awarwaron da ya sayar musu, bayan an gano da wannan ƙwayar aka yi shi.

18/ Ni ban raina maganin gargajiya ba, da shi aka raine ni. Amma ganye daban, ƙwaya daban. In wani ya ba ka garin idon zakara ka sha, ko ka sa a ido, don Allah kar ka karɓa. Har yau abrin ba shi da makari.

19/ In yaro ya tauna, a wuce asibiti kai tsaye, a tafi da sauran ƙwayar a nuna wa likita. Kar a tsaya jiran amai ko gudawa, alamun kan ɗauki awanni, wani lokaci kwanaki, kafin su fito.

20/ Na kira Hajiya kakata na faɗa mata duk wannan. Ta ce ai shi ya sa take ƙwace mana in ta ga mun kai baki, mu muna ganin mugunta ce. Wallahi sai na ji kunya. Hutu na zuwa, zan je in duba ko tsiron yana nan a dangar, don ƙannena can suke wasa yanzu.