Wa Ya Raɗa Musu Waɗannan Sunaye?

Shekarar da na fara koyarwa, a wata sakandaren jeka-ka-dawo da ke gefen garin Kaduna, an ba ni aji ɗaya in riƙe, aka haɗa ni da fom in cike wa kowane ɗalibi: suna, shekaru, ƙaramar hukuma, addini, ƙabila. Ina zaune suna zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da layi ya zo kan wata yarinya 'yar siririya, na tambaye ta ƙabilarta, ta ce, "Bajju, Malam." Ban taɓa jin kalmar ba. Na sake tambaya, ta maimaita. Sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, Kaje ce!" Na ce to, na rubuta Kaje. Ta tsaya tana kallon bakin biron, can ta ce a hankali, "Malam, mu ba haka muke cewa ba." Na ce mata ai duk ɗaya ne, ta je ta zauna.

Ba ɗaya ba ne, amma sai da na ɗauki shekaru kafin in gane. Mutanen suna kiran ƙasarsu Kajju, harshensu Jju, su kansu kuma Bajju. Kaje bakin Bahaushe ne ya lanƙwasa sunan ƙasar, ya liƙa wa mutanen. Kuma ba su kaɗai ba. Waɗanda muke ce wa Jaba, su Ham suke kiran kansu, a ƙasarsu ne garin Nok yake, wanda aka sa wa shahararrun mutum-mutumin yumɓun nan sunansa. Katab ɗinmu Atyap ne, Kadara Adara ne, Dakarkari Lelna ne, a Filato kuma Angas da Sura su ne Ngas da Mwaghavul. Yadda abin ya samo asali ba ɓoyayye ba ne. Fatake Hausawa sun riga Bature shiga waɗannan ƙasashe, suka kira kowa yadda harshensu ya iya. Da Turawa suka zo, da Hausa suka yi mulkin Arewa, tafintocinsu da masinjojinsu Hausa suke yi, saboda haka sunan da Bahaushe ya faɗa shi ya shiga taswira da takardar haraji, daga nan ya gangaro littafin makaranta, ya zo har fom ɗin da ke gabana.

Ban ce duk waɗannan sunaye zagi ne ba. Wasu gajiyar harshe ce kawai. Hausa ba ta da sautin "gb", shi ya sa Gbagyi da Gbari suka koma Gwari a bakinmu, kamar yadda muke mayar da sunayen Larabawa da na Turawa yadda za su zauna mana daidai. Matsalar ita ce kayan da muka ɗora wa sunan daga baya. Wanda ya kasa Hausa mai kyau, sai mu ce yana gwaranci. Wanda ya yi wauta a kasuwa, sai a ce masa Bagwari, ko da kuwa Bakano ne ɗan asalin cikin ganuwa. Yaron Gbagyi da ke zaune a aji yana jin duk wannan a lokacin tara, alhali a ƙasar kakanninsa aka gina Abuja, kuma Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan naira 20, 'yar gidansu ce. Abokan zamansa sun sha riƙe wannan takardar kuɗi, ba wanda ya taɓa gaya musu ko wace ce.

Inda abin ya fi damuna shi ne inda makaranta da kanta take koyar da rainin. Duk wanda ya yi furamare a ƙasar Hausa ya kwafi labarin Bayajida daga allo: rijiyar Kusugu, macijiya, sarauniya Daurama, sannan ƙwarƙwarar da aka ba shi, wadda labarin ya kira Bagwariya. Ɗan sarauniya, Bawo, shi ne tushen Hausa Bakwai. Ɗan ƙwarƙwara, Karɓagari, shi ne tushen Banza Bakwai: Zamfara, Kabi, Yawuri, Nufe, Gwari, Kwararrafa da ƙasar Yarbawa. A duba kalmar da kyau. Banza fa! Na sha ganin yaro Banufe ya sunkuya yana rubuta ta da hannunsa a gaban sunan mutanensa, don ya san za ta fito a jarrabawa. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa ba za a ɗauki wannan labari a matsayin ainihin yadda ƙasashen suka kafu ba, kuma jerin sunayen ma yana canzawa daga baki zuwa baki. Kwararrafan da aka kira banza sun sha kawo wa Kano yaƙi har bakin ganuwa, littafin tarihin sarakunan Kano da kansa ya faɗa. Kabawa da Zamfarawa kuwa Hausa suke yi tsantsa, kuma Kanta na Kabi ba sarkin da za a raina ba ne. Ba cewa nake a jefar da labarin ba, gadonmu ne, yana da daɗin ji. Amma malami na iya gaya wa yara cewa labari ne da mutanen wani gefe suka bayar game da kansu da maƙwabtansu, sannan ya tambayi Banufen ajin ko ya san labarin Tsoede, wanda mutanensa ke cewa shi ya kafa masarautarsu.

Sai kalmar ƙabila ita kanta. Aro ce daga Larabci, kuma a can ba ta da wani ƙasƙanci, domin Ƙuraishawa ma ƙabila ce. Mu ne muka ƙuntata ta. Idan aka yi sabon maƙwabci aka ce "ai ƙabila ne", kowa ya gane ana nufin ba Bahaushe ba ne, wataƙila ma ba Musulmi ba. Ka ga ke nan mun fitar da kanmu daga cikin kalmar, mun zama ma'auni, saura su ne ƙabilu. Haka yare. Namu harshe ne, nasu yare. Yara biyu na magana da Tyap, harshen Atyap, a bayan aji, monita zai kai ƙara cewa "suna yare", kamar wanda ya kama su da laifi, shi kuwa da Hausa ya kai ƙarar, a makarantar da doka ta ce Ingilishi za a yi.

Arne ta fi su duka kaifi. A da tana da ma'ana takamaimai: mai bin addinin gargajiya. A yammacin ƙasar Hausa, har cikin Nijar, ana cewa azna ko anna, kuma Hausawa ne ake nufi, masu riƙe da tsafin kakanni, kamar Maguzawan ƙasar Kano da Katsina. Yau yaro ɗan shekara 9 zai jefa wa Bulus ko Saratu ita, yaran da a cocinsu da Hausa ake wa'azi, daga Littafi Mai Tsarki da aka fassara cikakke zuwa Hausa tun 1932. Bai san tarihin kalmar ba, a gida ya tsince ta. Inyamuri kuma, an fi cewa daga jimlar Ibo ta neman ruwan sha ta fito, wato mun ji mutum na roƙon ruwa muka mayar da ƙishirwarsa sunansa. Tibi ba sa son a ce musu Munci, saboda tatsuniyar da ke biye da sunan, wai an ba su ajiyar shanu, da aka tambaya suka ce mun ci. Buzu a asali bayin Abzinawa take nufi, mu kuwa mun yafa wa duk mai rawani da takobi.

Duk lokacin da na tayar da wannan magana a ofishin malamai, amsa ɗaya nake samu: "Haba Malam, ai wasa ne." Ina girmama wannan amsa, don akwai gaskiya a ciki. Muna da barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Kanawa da Zazzagawa, kuma ya kashe wutar faɗa ba adadi. A Nijar an ɗauke shi da muhimmanci har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Amma wasan taubasai yana da sharaɗi. An san tsakanin wa da wa ake yi, kowa yana da bakin ramawa, kuma idan an gama tare ake dariya. Yarinya ɗaya a tsakiyar yara 60, ana kiranta da sunan da ba ta so, ba ta da abin ramawa kuma ba ta dariya, wannan ba taubasantaka ba ce ko me aka kira shi.

Wanda ya kasa jin zafin abin, ya tuna da kalmar aboki. Da wuya a samu kalma mai daɗinta a Hausa. Amma a tambayi ɗan Arewa da ya yi makaranta a Legas ko Fatakwal yadda yake ji idan aka kira shi da ita daga nesa ana dariya. A can ta koma nufin mai gadi, mai gyaran takalmi, wanda bai waye ba. Ba harafi ɗaya da ya canza a cikinta, bakin da ta fito ne ya canza. Na taɓa tambayar ajina wa ya taɓa zuwa Kudu aka ce masa aboki. Wani yaro da ya yi hutu wajen kawunsa a Ibadan ya ba da labari har muryarsa na rawa. Da ya gama ajin ya yi tsit, kuma na lura wasu sun juya suna satar kallon waɗanda suka saba tsokana.

Abin ya ƙara nauyi yanzu saboda yaran ba sa haɗuwa kamar da. Tun bayan rikicin shekarar 2000, Kaduna ta rabu kusan gida biyu, kogi a tsakiya, Musulmi sun taru a arewa, Kirista a kudu, makarantun unguwa suka bi sahu. Yaro na iya gama furamare bai taɓa raba benci da wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da mutanen ƙetaren gada suna ne kawai, kuma sunan da ya gada shi ne irin waɗanda na lissafa. An kafa kwalejojin gwamnatin tarayya, irin ta Sakkwato a 1966, da shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, don 'ya'yan ƙasa su cuɗu, amma nawa ne cikin yaranmu ke kaiwa can?

Ko sunan abin da muke nema ma bai zauna ba. A taron bita sai ka ji ana ta cewa "haƙuri da juna". Ni kalmar ba ta kwanta mini. Haƙuri da ciwo ake yi, ko da maƙwabci mai fitina. Idan na ce ina haƙuri da kai, na riga na ce kai kaya ne a kaina. Na fi son abin da 'yan siyasa suka ara daga masu fura, wato damawa da kowa, ko da yake a aji sai an kula kada garin damu ɗanɗanon wani ya ɓace gaba ɗaya cikin na masu yawa.

Yanzu a makon farko na kowace shekara nakan raba allo gida uku: yadda kuke kiran kanku, yadda kuke kiran harshenku, yadda kuke gaisuwar safe. Kowa ya fito ya rubuta, ya koya mana faɗa, mu maimaita har sai ya ce ya yi. Mwaghavul ta ɗauke mu kusan minti biyar, mai sunan yana tsaye da alli yana girgiza kai yana gyara mana. Hausawan ajin ma sai suka ƙi tsayawa a Hausa kawai, wannan ya ce Bakatsine, wancan ya ce Bagobiri, har ya nuna tsagen fuskar kakansa da yatsa a kumatunsa. A bara wani yaro ya fito ya daɗe a gaban allo bai rubuta komai ba. Ya juyo ya ce, "Malam, babana Babarbare ne, mamata Bafulatana, ni kuma Hausa kawai nake ji. Wanne zan sa?" Na ce ya sa duka ukun. Gidan da na zana bai ishe shi ba, sai da ya goge layin ya shiga na kusa.